BAKIN TAKALMI: YADDA IGIYA TA HAU ƘAFAR BAHAUSHE

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai sauko ƙasa ne, ƙasa sosai kuwa, har kan ƙafa. Na san wani zai ce, duk ga tarihin sarakuna da malamai da fatake yana jiran a rubuta, sai a ɓuge da zancen takalmi? To, mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni. In mun kai ƙarshe zai ga cewa a ɗan tsagin nan da ake zura igiya akwai labarin Gobir da Kano, akwai na yaƙin Turai da na Bama, akwai kuma labarin wata sana'a tamu da ke neman kuɓuce mana muna ji muna gani.

Abin da ya jawo rubutun shi ne, ana jibi salla na ɗauki takalmina na zuwa ofis, wanda ya yage daga gindin igiya, na kai wa wani dattijo mai gyara a nan Dogo Tebo. Yana zama a bakin hanya gindin wata maina, wato darbejiya in ji Kanawa. Bayan mun gaisa na miƙa masa na ce, "Baba, ga shi ko shekara bai yi ba ya yage. Kayan zamani ke nan."

Ya juya shi, ya sa babban yatsa ya danna wurin, sannan ya dubi ƙafata. Ya ce, "Malam, kada ka ɗauki alhakin takalmi. Ai ba yagewa ya yi ba, kai ka yaga shi. Ƙafarka mai doro ce, ka je ka sayi rufaffen baki. Irinku buɗaɗɗen baki ne naku."

Shekara nawa ina sa takalmi, ban taɓa sanin baki iri biyu ne ba. Na nemi benci na zauna. Abin da ya nuna mini ran nan, da wanda na bi diddigi daga baya, shi ne na kawo muku.

TAKALMIN KAKANNINMU BA YA SON ƘULLI

Farko dai mu tuna, Bahaushe ya daɗe da takalmi, amma bai san na igiya ba. Akwai fade na yau da kullum, akwai sambatsai na ado, akwai kubutai da ake zura ƙafa, akwai kurufa, dogayen takalman mahaya dawaki, akwai dangarafai na itace don damina, ga kuma huffi na malamai da tsofaffi lokacin ɗari. A fada akwai takalmin gashin jimina, wanda tarihin Kano ya danganta farkonsa ga Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499. Duk cikinsu babu mai tsagaggen gaba da jerin huji dama da hagu. Maɗaurin fade ɗinke yake tun daga hannun baduku, kai dai ka zura ka wuce.

Ba rashin dabara ya sa haka ba, zaman rayuwa ne. Ƙasar zafi ce, ƙafa tana son iska. Sannan Bahaushe yana tuɓe takalmi a ƙofar zaure, yana tuɓewa gaban sarki, gaban malami, gaban suruki, ga alwala sau biyar a yini. Mutumin da zai tuɓe takalmi sau ashirin tsakanin asuba da lisha, me zai yi da ƙulli?

Kuma takalman nan ba a gida kaɗai suka tsaya ba. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir, ya ce har Tambutu da Gawo ake kai aikinsu. Shekara ɗari uku bayan haka, a 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo da sunan Abdulkarim, ya zauna a Kano. A ƙiyasinsa, takalman da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 10. Tufafi ne kan gaba nesa ba kusa ba, da wuri miliyan 300, amma dai ka ga takalmi yana cikin abin da ake lissafawa in ana maganar arzikin birni.

Ƙarfin aikin kuwa daga majema yake. A jiƙa fata, a sa ta a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu, a shafe ta da mai a murza ta yi laushi. In ja ake so ga karan dafi da kanwa, in baƙi ne ga kuloko. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce sarauniya. Ayari ya ɗauke ta ya ƙetare Sahara zuwa Gadamas da Tarabulus da sauran biranen gaɓar teku, ta shiga Turai, can a sa mata suna fatar Maroko, a yi bangon manyan littattafai da ita. Wahala tamu, suna na wani. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

POTISKUM DA FATA

Mu da muke zaune a Potiskum mun san ƙasar Ngizimawa da Karekare da Bolewa ce, kuma kowannensu yana da nasa masu aikin fata tun kaka da kakanni. Garin ya soma bunƙasar da muka sani ne bayan da aka dawo da fadar Fika nan a 1924, zamanin Mai Muhammadu Ibn Idrissa. Jirgin ƙasa bai biyo ta nan ba. Ya isa Nguru a 1930, wanda ya tafi Maiduguri kuma a 1964 ta Gombe ya bi. Sai Allah Ya ba garin hanyar mota: ta Kano, da ta Bauchi da Jos, duk a nan suke haɗuwa su miƙa gabas. Shi ya sa Potiskum ta zama garin manyan motoci, ta zama garin hatsi, kasuwar shanunta kuma ta shiga sahun mafi girma a Afirka ta Yamma.

Inda duk dabba ta taru, to mahauci zai zo. Inda mahauci ya zauna, mai sayen fatu da ƙiraga zai biyo shi, majemi ya biyo wannan, baduku ya zo daga ƙarshe da jakar kayan aikinsa. Da yawa daga cikin iyayenmu a wannan jeri suka shigo garin, suka zauna unguwar Hausawa, zuriya ta yaɗu zuwa Dogo Tebo da Dogo Nini da sauran unguwanni. Dattijon nan nawa ma ya ce kakansa baduku ne daga ƙasar Kano, layu da kube da linzami da fade yake yi. Ubansa ne ya fara taɓa takalmin Bature. Shi kuwa a kansa ya tashi.

YADDA AKE GINA BAKIN

Yanzu mu shiga cikin aikin. Mai karatu ya ɗauko takalminsa mai igiya ya ajiye a gabansa, don gani ya kori ji.

Saman takalmi, wato duk abin da ke bisa tafinsa, ba fata ɗaya ba ce. Akwai fuska, wadda ta rufe yatsu ta hau doron ƙafa. Akwai gefuna biyu, na ciki da na waje, da suka taso daga dunduniya suka zagayo gaba. Ƙarshen kowane gefe, inda aka jera huji, shi ne Baba yake kira kunne. Ƙarƙashin kunnuwan akwai harshe, mai kare ƙafa daga cizon igiya da shigar ƙasa. Daga ciki kuma akwai shafi, kamar dai shafin riga. To, duk rigimar a kan tambaya ɗaya take: in an zo haɗa fuska da gefuna, wa zai hau kan wani?

Kafin a kai nan akwai aiki. Na farko yanka. Fata ba yadi ba ce, ba ko'ina take da ƙarfi ɗaya ba. Ta gadon baya da kuturi ta fi tauri da kyau, daga nan ake fitar da fuska da gefuna. Ta ciki sakwaf take, tana miƙewa, sai dai a yi harshe da ita. Gwani yana lura da inda fata ke ja, ya yanka yadda takalmi ba zai ƙara tsawo daga dunduniya zuwa yatsa ba. Yana kuma kauce wa tabon kaska, da kartar ƙaya, da shaidar wuta, da inda wuƙar mai fiɗa ta zarce.

Na biyu, a sa wuƙa mai kaifi a rage kaurin bakin fatar daga ciki, ta yadda in an naɗe ko an ɗora ɗaya kan ɗaya ba za ta yi tudu ta ci ƙafa ba. Baba ya ce a nan ake gane wanda ya zauna gaban maigida da wanda ya koya da ka. In ka rage da yawa ta yage, in ka bar ta da kauri ta yi kanta a ƙafar mai shi.

Na uku, a haɗa gefunan biyu ta dunduniya. Sannan a manna wani siririn ƙyalle mai ƙarfi, ko ƙyallen fata, a bayan kowane kunne, daidai layin da huji zai bi. Wannan ba mai ganinsa, amma shi ke ɗaukar nauyin jan igiya. Takalmin arha a nan ake cin amanarsa. Sai a ɗora shafi a ɗinke baki. Fatar akuya ko ta tunkiya ta fi daɗin shafi, don tana da laushi kuma tana shan gumi.

Na huɗu huji. A auna, a sa alama, dama da hagu su yi daidai, a sa ƙarfen huji a buga da guduma. Takalmin ofis yawanci huji biyar-biyar ne, wani shida. Na zamani marasa nauyi akwai mai uku, har mai biyu. But ɗin soja kuwa sai ya haura takwas. Wani a sa masa zoben ƙarfe a gani a fili, wani a ɓoye zoben ta ciki, wani a bar shi fata zalla.

To, ga mararrabar. In rufaffen baki ake so, sai a kawo kunnuwan biyu a gama gindinsu da ɗan ɗinki, sannan a ɗauko fuska a ɗora a kansu, a bi da layi biyu na ɗinki daga wannan gefe zuwa wancan. Gindin kunnuwa ya shige ƙarƙashin fuska ke nan, ba ya ɗaguwa. Harshe kuwa daban ake yanka shi, a ɗinke shi ta ciki. In ka kwance igiya, bakin zai buɗe ne daga sama kawai, ƙasa a tsuke, kamar bakin almakashi. Wannan shi Turawa ke kira Oxford.

In kuwa buɗaɗɗen baki ne, sai a juya lissafin. Fuska ce a ƙasa, kuma galibi ita da harshe fata ɗaya ce, ta miƙe har sama. Gefuna su ake ɗorawa a kanta, a ɗinko daga ƙasa zuwa kusa da hujin farko a tsaya. Kunnuwa suna nan a sake, kana iya buɗe su kamar ƙyauren taga. A daidai inda ɗinkin ya tsaya sai a maimaita shi sau da yawa, ko a yi ɗan murabba'i, wani ma har ƙusar ƙarfe yake bugawa, don duk ƙarfin tafiya a nan yake taruwa. Wannan shi ne Derby.

Akwai wata dabara ta ƙarshe da ta burge ni. Kafin a ja saman takalmin a kan ƙafar katako don ya ɗauki siffa, sai an zura zare a hujin an ɗaure bakin daidai faɗin da ake so ya zauna a ƙafar mutum. In an manta, ja zai wangale bakin, takalmi ya fito a karkace, kuma ba mai iya gyara shi har ya mutu. Tun ran gini ran zane.

Ga gwaji mai sauƙi. Sa yatsa a gindin igiya, wajen hujin ƙasa. In yatsan ya shige ƙarƙashin kunne ya ɗaga shi, buɗaɗɗe ne. In ya ci karo da ɗinki, rufaffe ne.

DAGA INA SUNAYEN SUKA FITO?

Ɗaure takalmi da igiya ba Bature ne ya fara ba, tsohon abu ne. A 2008 masu tonon tarihi sun samo wani takalmi a wani kogo a ƙasar Armeniya, wanda aka auna shekarunsa kimanin 5,500. Fatar saniya ce guda ɗaya, an naɗe ta a ƙafa, an zura tsirkiyar fata ta huji an ɗaure gaba da baya. Ka ga ke nan inda sanyi yake, mutum ya daɗe da sanin amfanin tsuke ƙafa.

Amma iri biyun nan da muke magana a kansu 'ya'yan ƙarni na 19 ne. Rufaffen ya samo suna daga jami'ar Oxford ta Ingila, inda ɗalibai suka gaji da dogayen but masu wuyar sawa, suka koma wa gajere, sannu a hankali ya zama takalmin da ya tsaya ƙasan idon sawu da igiya a gaba. Amurkawa sukan kira shi Balmoral, sunan wani gidan sarautar Ingila da ke Sikotilan. Shi ne ya zama takalmin kwat, na lauya da ma'aikacin banki da ranar biki, saboda yana kwanciya lif a ƙafa, ba abin da ya taso.

Buɗaɗɗen kuwa ɗan bariki ne. Ana danganta shi ga Blücher, babban kwamandan sojan Furushiya wanda ya taimaka aka karya Napoleon a Waterloo a 1815. Labarin da ake bayarwa shi ne ya nemi a yi wa sojansa takalmin da za su sa da sauri, wanda kuma zai shiga kowace irin ƙafa. Ko shi ya zana da hannunsa ko ba shi ba, hikimar a fili take: runduna ba ta da lokacin auna ƙafar kowane soja, sai a yi baki mai karɓar siririya da mai kauri, igiya ta daidaita sauran. Har yau a Amurka sunan Blücher ake kiran irin wannan takalmi da shi, Ingilishi kuma suka tsaya a kan Derby. But ɗin sojan Ingila na yaƙin duniya duka biyu a kan wannan gini yake.

Abin da ya sa takalman suka cika duniya kuwa inji ne. Keken ɗinki ya karɓi haɗa sama tun tsakiyar ƙarnin. Aikin da ya gagara shi ne jan fata a kan ƙafar katako, sai a 1883 wani baƙar fata haifaffen Surinam mai suna Jan Matzeliger ya yi rajistar injin da ke yin sa a Amurka. Gwani da hannu yakan yi kamar ƙafa 50 a yini, injin yana yin ɗaruruwa. Daga nan farashi ya faɗi, takalmin kanti ya kama hanyar ƙasashe irin namu.

YADDA IGIYA TA ISO MU

Ta ƙofa uku ta shigo: bariki, ofis, makaranta.

Abin mamaki, sojan da Turawa suka ɗauka a ƙarshen shekarun 1890, waɗanda Hausawa suka yi yawa a ciki, ba takalmi suke fareti. Bature da but, baƙar fata da tafin ƙafarsa. An daɗe a haka. Yaƙin duniya na biyu ne ya sauya lamarin, musamman da aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Bama tsakanin 1943 da 1945. Mazan jiya sun dawo gida da but mai igiya, suna takawa ƙwas-ƙwas, yara na bin su da kallo. 'Yan sanda ma haka. Da but ɗin ya tsufa wa za a kai wa? Sai baduku. A nan dukawanmu suka fara farke ɗinkin Bature suna ganin yadda aka yi shi. Ba makaranta, ba littafi, ido ne da basilla.

Ƙofa ta biyu ta akawu ce da malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Kamfanin Bata, wanda Tomas Bata ya kafa a 1894 a garin Zlin na ƙasar Cek ta yau, ya shigo Nijeriya a shekarun 1930, ya buɗe kantuna a manyan garuruwa. Har gobe akwai wurin da ake kira Bata a Kano, kusa da kasuwar Sabon Gari. Wanda ya ɗauki albashin farko, burinsa ya sayi keke, agogo da takalmi ƙafa-ciki. Sai dai fa rigimar da muka faɗa tun farko ba ta mutu ba. Ma'aikaci ya zo gaida hakimi, ko ya zo masallaci, sai ka gan shi a durƙushe yana fama da ƙulli, mutane na jira a bayansa. Shi ya sa da yawa suka koma take dunduniyar takalmin, wasu suka bar igiyar a sake, daga baya mafi yawa suka koma wa sau-ciki marar igiya. Har yau ka duba ƙofar kowane masallaci a garin nan ran Juma'a ka ƙirga masu igiya, ba za su taka kara sun karya ba.

Ƙofa ta uku ta yara ce. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu, sandal ɗin Cortina ya zama abin alfahari, kambas mai igiya ya zama na wasanni da fareti. Bautar ƙasa da aka fara a 1973 ita ma ta zo da nata but da farin kambas. Haka igiya ta zauna, amma a matsayin baƙuwa: ta aiki ce da makaranta, ba ta zaure ba.

WANNE NE NAKA?

Mu da muka tashi da silifa da fade, ko ma ba takalmi, ƙafarmu takan baje, yatsu su wara, doro ya taso. Ga zafi da ke kumbura ƙafa da yamma. Rufaffen baki ba ya yafiya, faɗin da aka gina shi da shi ke nan. In ka sa shi ka ga kunnuwa sun wangale sama da faɗin yatsa, ba naka ba ne. Za ka yi ta jan igiya da ƙarfi, ƙarfin ya tafi gindin kunne, wata rana ya ɓalle, kamar yadda nawa ya yi. In kuma kunnuwan sun haɗe ƙam tun yana sabo, nan gaba fata za ta saki, ba sauran abin da igiya za ta ja. Buɗaɗɗe shi ne abokin mai doron ƙafa, da direban da ke yini a mota, da dattijo, da mai ciwon sukari da aka ce ya guji matsi. A gwada takalmi da la'asar, ba da safe ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nawa dai Baba ya farke shafin, ya sa ƙyallen fatar akuya a bayan kunnen, ya sake huji, ya ƙulle gindin da zare mai kakin zuma. Ya ce zai kai ni wata shekarar, in na daina yi masa jan guga.

INA MUKA KWANA?

Da na tashi tafiya na tambaye shi, "Baba, cikin yaranka wa ya iya wannan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ɗaya yana jan keke Napep, ɗaya yana sayar da waya. Sun ce aikin wari ne."

Wannan amsa ita ta hana ni barci. Tun da aka karya darajar naira a 1986 masana'antun takalma na ƙasar nan suka shiga wani hali, gwanjo da roba da kayan Sin suka cika kasuwa. Amma a daidai wannan lokaci ne mutanen Aba suka zauna a kasuwar Ariariya suka mai da ɗinkin takalmi abin da ke ci da dubban gidaje, har nan Potiskum muna sayen aikinsu. Su ba su da garke. Mu da muke da kasuwar shanu a bayan gida, fatarmu sai a loda ta a mota zuwa majemun zamani na Kano, a Sharaɗa da Calawa da Bompai, a gyara ta a tura Italiya da Sifen, ta dawo mana takalmi da sunan wani a jiki. Ƙirgi kuma mai yawa ba ya ma kaiwa majema, ganda ake yi da shi a cinye. Jiya fatar Maroko, yau takalmin Italiya. Sunan ne ya sauya, labarin yana nan.

An ƙirƙiro Jihar Yobe ran 27 ga Agusta, 1991, yaran da aka haifa ran nan yau magidanta ne. Nawa ne cikinsu za su iya yanka fuska da kunne su haɗa? Akwai cibiyar binciken fata da koyar da aikinta a Samaru ta Zariya, ga kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a cikin garin nan, ga kuma tsofaffi irin Baba da ilimin ke hannunsu, ba sa neman komai sai yaron da zai zauna. Keken ɗinki ɗaya, ƙafafun katako 'yan kaɗan, wuƙa, guduma, ƙarfen huji: jarin bai kai kuɗin babur ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne uban da zai kama hannun ɗansa ya kai shi, ba tare da jin kunyar a ce ɗansa baduku ne ba.

Kakanninmu sun ɗinka wa Tambutu takalmi. Iyayenmu sun farke but ɗin Bature sun gane sirrinsa ba wanda ya koya musu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an same ta a tulu. Duk wanda ya bi ta Dogo Tebo ya ga dattijo a gindin maina da basilla a hannu, ya tsaya ya gaishe shi, in da hali ya bar masa yaro ko na hutun makaranta ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da garinmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.